Labarin zuciya a tambayi fuska: yadda ake sa mutum-mutumi ya nuna tausayi

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Masu ƙera mutum-mutumin da ake so ya zauna cikin jama'a, a gida ko asibiti ko aji, sun kusa shekara talatin suna gini a kan wannan magana. Rabinta ya yi musu rana: in ka ba inji gira da fatar ido da wuya mai lanƙwasa, mutane za su karanta masa zuciya ko da babu ita. Ɗaya rabin kuwa ya ba su kunya, domin in ka ce inji ya dubi fuskar mutum ya faɗi abin da ke ransa, sau da yawa shirme zai kawo. Duk mai niyyar haɗa irin wannan na'ura ya raba ayyukan nan biyu tun a kan takarda. Na farko aikin hannu ne da ake ƙwarewa a kansa. Na biyu rami ne da aka rufe da tabarma.

A fara da Kismet, wani kai da Cynthia Breazeal ta haɗa a jami'ar MIT ta Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Ba shi da gangar jiki, ba shi da fata. Ƙarfe ne da wayoyi a fili, sai manyan idanu, da gira, da kunnuwa irin na dabba, da jan leɓe na roba. Ƙananan injuna 15 ke motsa fuskarsa. Abin koyo a wurinsa shi ne ba a ajiye masa fuskoki shiryayyu ba, a ce ga ta murna, ga ta fushi. Lambobi uku ake lissafawa a cikinsa a kowane lokaci: abin da ke faruwa mai daɗi ne ko mai ɗaci, jikinsa a tashe yake ko a sanyaye, sannan yana kusantar abin ne ko janyewa yake. Daga waɗannan lambobi ake fitar da inda gira za ta tsaya da inda kunne zai karkata. Shi ya sa fuskarsa ke zamewa daga wani yanayi zuwa wani ba tare da tsalle ba.

Kuma fuskar tana da aikin yi. In aka kaɗa masa abin wasa da ƙarfi dab da ido, sai ya ja da baya, mutum ya ga ya takura masa ya sassauta. In aka tsaya nesa, sai ya miƙo wuya, mutum ya matso. Ta haka yake sa mutane su tsaya daidai inda kyamararsa ke gani da kyau. Wannan shi ne amfanin farko na nuna yanayi: sanar da mutum halin da inji ke ciki domin ya san yadda zai yi da shi. Fuskar da ba ta sanar da komai ado ce kawai, kuma bayan kwana uku an gaji da ita.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa

Don ƙaramin kai da za a ɗora a kan tebur, injuna biyar zuwa shida sun isa. Biyu a wuya, ɗaya na waiwaye ɗaya na ɗaga kai da sunkuyarwa. Na uku na karkata kai gefe, kuma kada a yi rowarsa, domin karkata kan nan kaɗai yana nuna saurare da tambaya da tausayi. Biyu a gira, kowace da nata. In idanun na roba ne, ɗaya na fatar ido. Baki shi ne na ƙarshe a muhimmanci. Keepon, ɗan mutum-mutumin nan rawaya da Hideki Kozima ya yi a Japan, motsi iri huɗu kawai yake da shi kuma ba shi da baki sam, amma yara na fahimtarsa. Wani mutum-mutumin mai suna NAO, mai tsayin santimita 58, fuskarsa ko motsi ba ta yi, da kafaɗa da kai da launin fitilar ido yake magana.

Injin da aka saba amfani da shi shi ne sarbo, ƙaramin inji mai juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi ya tsaya. SG90 mai nauyin giram 9 ya isa gira da fatar ido. Wuya kuwa a sa masa mai haƙoran ƙarfe irin MG90S ko wanda ya fi shi, domin haƙoran roba na cinyewa. Ana aika wa sarbo sigina sau 50 a sakan, faɗin siginar tsakanin milisakan 1 zuwa 2 shi ke faɗa masa kusurwa. Allon PCA9685 na riƙe sarbo har 16 ta wayoyin sadarwa biyu kacal, kuma ya fi a bar Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da na'urar, ta fitar da siginar da kanta, domin in ta shagala da aikin kyamara siginar na rawa, gira ta kama karkarwa. Idanu kuwa ya fi sauƙi a zana su a kan ƙaramin allo zagayayye irin GC9A01 mai inci 1.28, ɗigo 240 a tsaye 240 a kwance, guda biyu a ƙarƙashin ƙaramin allon sarrafawa na ESP32 guda ɗaya.

Inda sabon hannu ke faɗuwa shi ne wuta. SG90 guda, in ya cije, yana iya jan sama da rabin amfiya. Shida in suka tashi tare, misali lokacin nuna mamaki da kai da gira da ido ke zabura a lokaci ɗaya, sai a doshi amfiya 4. In daga Raspberry Pi ake ba su wuta, ƙarfinta zai faɗi ƙasa da bolt 4.6 ko kusa da haka, kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Mai haɗawa sai ya yi ta neman kuskure a cikin manhaja alhali matsalar a waya take. Maganin: sarbo su samu tasu wutar daban mai bolt 5 da amfiya 5, a haɗa wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu, a sa kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, mai maikurofarad 1000 a bakin allon.

Motsi ya fi siffa

Ana iya aron taswirar fuska da Paul Ekman da Wallace Friesen suka fitar a 1978, wadda ta ba kowane motsin tsoka lamba. Lamba 1 ɗaga bakin gira na ciki, 2 ɗaga na waje, 4 haɗe gira, 6 ɗaga kunci, 12 jan gefen baki sama, 15 saukar da shi. Baƙin ciki 1 da 4 da 15 ne. Murmushin gaske 6 da 12 ne tare, in kuwa 12 ce kaɗai ba kunci, abin da muke kira yaƙe ke nan. A idon allo, ana kwaikwayon lamba 6 ta hanyar turo fatar ido ta ƙasa ta rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na idon. Wannan ɗan abu shi ke raba fara'a da yaƙe.

Amma siffa kashi kaɗan ce. Sarbo in aka ce masa tafi kusurwa 40, da iya gudunsa zai tafi ya tsaya cak, kuma babu mai rai da ke motsi haka. Hanya mafi sauƙi ita ce a kowane zagaye, sau 50 a sakan, a matsar da shi kashi ɗaya cikin goma na tazarar da ta rage. Cikin abin da bai kai rabin sakan ba zai ci kashi 90 cikin ɗari na tafiyar, ya ƙarasa a hankali. Wannan lamba ta kashi ɗaya cikin goma ita kanta a ɗaure ta da yanayi: in yana cikin kuzari a ɗaga ta zuwa 0.2, in a sanyaye yake a sauke zuwa 0.04. Kai ɗaya, kusurwa ɗaya, amma sunkuyarwa a hankali baƙin ciki ce, da sauri kuwa amincewa ce.

Sai tsarin abin da ke riga wani. Ido ke fara zuwa, kai ya biyo baya, kuma yawanci ana ƙifta ido a tsakiyar babban waiwaye. Mutum na ƙiftawa kamar sau 15 zuwa 20 a minti, don haka a sa tazarar ta riƙa canzawa tsakanin sakan 2 zuwa 6, rufewa ta fi buɗewa sauri. In tazarar ta zama daidai kullum, cikin minti guda mai kallo zai gane agogo ne. Kada kuma ya daskare. Ɗan motsin numfashi na digiri ɗaya ko biyu a wuya ya isa ya nuna yana nan. Kamfanin Anki, da ya fitar da ɗan mutum-mutumin wasa Cozmo a 2016, masu zanen fim ɗin katun ya ɗauko suka tsara masa motsi, kuma a nan ƙarfinsa yake, ba a ɗan allon fuskarsa ba.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: ƙarar sarbo. Yana gurnani ko a tsaye yake, kuma makirfo na kusa da shi. Mutum na ba da labari mai sosa rai, inji na zuuu a kunnensa. A yanke siginar gira da fatar ido idan sun kai inda za su, a sa wa wuya sifirin da zai ɗauke nauyin kai, makirfo kuma a ɗora shi a kan soso nesa da injunan.

Game da fata da kama da mutum, shawarata a guje su. Tun 1970 Masahiro Mori ya yi gargaɗin cewa abu in ya kusa zama mutum bai ƙarasa ba, tsoro yake bayarwa maimakon shaƙuwa, kuma motsi na ƙara tsananta abin. Fuskar mutum alkawari ce: duk wanda ya gan ta zai sa ran fahimta irin ta mutum. Injuna shida ba za su cika wannan alkawari ba.

Inda karin maganar ta karye

Yanzu ga ramin. Kyamara na iya ganin motsin fuska da kyau. MediaPipe, shirin kwamfuta na Google, na fitar da ɗigo 478 a fuska da ma'aunin motsi 52, irin su buɗe baki da haɗe gira, kuma yana gudu a ƙaramar kwamfuta. Wannan awo ne, ba laifi. Matsala na farawa ne lokacin da aka ce haɗe gira fushi ne.

A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu sun bi bincike sama da dubu a kan wannan batu, suka nuna cewa ba a iya dogara da fuska kaɗai a san abin da mutum ke ji. Mai fushi yana murtuke fuska ne a kusan kashi 30 cikin ɗari na lokuta, sauran kuwa yana iya yin shiru, ko kuka, ko ma murmushi. Mutum kuma na haɗe gira saboda rana, ko lissafi, ko ciwon kai. Tarin hotunan da ɗalibai suka fi horar da manhaja da shi, FER2013, hotuna ne kusan 35,900 ƙanana marasa launi da aka kwaso daga intanet, kuma ko mutane in aka ba su, kusan kashi 65 cikin ɗari kawai suke dacewa da sunan da aka liƙa wa hoton. A 2022 Microsoft ya sanar da janye karanta yanayi daga manhajarsa ta fuska. Daga Fabrairun 2025 dokar Tarayyar Turai ta hana amfani da irin wannan a wuraren aiki da makarantu, sai don lafiya ko kare rai.

Ga mai son sa irin wannan na'ura a gaban Bahaushe, akwai ƙarin tarko uku. Na farko fata. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya nuna manhajojin kasuwa na kuskuren bambance mace da namiji har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, alhali a kan fararen maza bai wuce 0.8 ba. Wani sashe na matsalar a kyamara yake: in akwai taga ko farin bango a baya, tana daidaita haskenta da bangon, fuska ta zama inuwa. A sa kyamara ta auna haske daga kan fuskar da ta gano, ba daga dukan hoton ba.

Na biyu kunya da kawaici. Yawancin manhajojin nan suna ɗaukar kallon ido cikin ido a matsayin alamar mutum na tare da kai, sunkuyar da kai kuma gajiya ko baƙin ciki. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta zuba wa babba ido. Inji zai ce ta ƙosa, ya shiga yi mata raha don ya dawo da hankalinta, alhali sauraro take da kyau. Haka mai makoki da ke amsa gaisuwa da "alhamdu lillahi" fuska a sake, ta ciki na ciki.

Na uku murya. Kismet na rarrabe yabo da hani da rarrashi daga hawa da saukar murya, kuma ya yi aiki domin irin maganar da ake yi wa jariri aka yi masa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya da sautin ƙarshe aka bambanta su, kuma jimla tana gangarowa a hankali daga farkonta zuwa ƙarshe ko mai maganar na cikin farin ciki. Manhajar da aka horar da muryar Turawa za ta iya ɗaukar nahawu a matsayin yanayin zuciya.

To daga ina tausayi zai fito?

Daga sanin abin da ya faru. Misali mafi kyau shi ne aikin Iolanda Leite da Ana Paiva a Fotugal, inda mutum-mutumin iCat na kamfanin Philips ya yi mako biyar yana wasan ces, darar Turawa, da yaran wata firamare. Yana duban fuskar yaro, amma babban abin dogaronsa allon wasan ne: ya san yaron ya rasa babbar ƙwaya yanzun nan, ya san an ci shi a makon jiya. In ya ga abin ya yi wa yaro nauyi, yana da zaɓi: ya ƙarfafa masa gwiwa, ko ya nuna masa dabara, ko ma ya yi kuskure da gangan. Bayan mako biyar yaran ba su daina jin yana tare da su ba, saɓanin gwajin baya da aka yi da shi ba tare da wannan ɗabi'a ba, inda sha'awar ta dusashe.

Darasin a aikace shi ne a jera hujja bisa ƙarfinta. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi ne kan gaba. Sai abin da ya faru a cikin aikin: ya faɗi tambaya uku a jere, ya ƙi shan magani, yau bai yi magana ba alhali kullum yana yi. Fuska da murya su zo a ƙarshe, a matsayin ƙarin shaida. Kada a yanke hukunci da hoto ɗaya, a tara na sakan 3 zuwa 5. A sa ƙofar shiga wani yanayi ta fi ta fita tsayi, misali a shiga a 0.7 a fita a 0.4, in ba haka ba fuskar injin za ta riƙa tsalle tsakanin damuwa da fara'a kamar fitila mai lalatacciyar waya. In kuma hujja ba ta isa ba, ya yi tambaya. "Lafiya kuwa?" ta fi "na ga kana baƙin ciki" sau goma, domin in ya yi kuskure a ta farko ba abin da ya ɓaci.

Kwaikwayon fuskar mutum kai tsaye kuskure ne da ake yawan yi. Murmushi a mayar da murmushi, wannan daidai. Amma mai fushi in aka haɗe masa gira an ƙara wa wuta fetur, mai kuka kuma ba abokin kuka yake nema ba. Abin da ya dace shi ne inji ya sauke kuzarinsa: motsi ya ragu, murya ta yi ƙasa, kai ya ɗan karkata, bakin gira na ciki ya ɗaga kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakarsa. Ya kuma iya shiru.

Lokaci ma tausayi ne. Binciken da aka yi a harsuna goma a 2009 ya nuna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar mutane kusan milisakan 200 ce. Injin da sai ya aika murya intanet ya jira amsa zai ɗauki sakan ɗaya ko biyu ko fiye. Don haka a raba aikin gida biyu: gyaɗa kai, da kallo, da ƙananan amsoshi irin "to", "na'am", "ayya", "sannu" su fito daga cikin na'urar nan take, doguwar amsa ta biyo baya. A kula da gefe na biyu kuma. In an saita cewa shirun milisakan 700 na nufin mutum ya gama magana, to tsoho mai neman kalma, ko wanda kuka ya shaƙe, za a katse shi a daidai inda bai kamata ba. Idan alamu sun nuna magana mai nauyi ce, a tsawaita jiran zuwa sakan biyu.

Mutum-mutumin Paro ya nuna iyakar abin da ake buƙata. Takanori Shibata ya fara aikinsa a Japan a 1993, ya zaɓi siffar jaririn sil, wata farar dabbar tekun ƙanƙara, domin da aka gwada siffar kyanwa mutane sun san kyanwar gaske, suka ga gazawar ta roba. Nauyinsa kamar kilo biyu da rabi, kusan na jariri. Yana jin shafa, da haske, da sauti, da yadda aka riƙe shi. Ba ya magana, ba ya karanta fuskar kowa. A wani babban gwaji a Ostareliya da aka wallafa a 2017, mai ɗauke da tsofaffi 415 masu ciwon mantuwa a gidajen kula 28, an ba wasu Paro na minti 15 sau uku a mako har mako goma, wasu aka ba su shi a kashe kamar 'yar tsana. Masu Paro mai motsi sun fi yi masa magana da kallonsa, amma shi ma na kashen ya yi wani amfani, kuma a takardar awon tashin hankali da ma'aikata ke cikewa ba a ga bambanci ba. Wannan sakamako ne na gaskiya, kuma ya kamata mai gwada tasa na'urar ya yi koyi: a kwatanta ta da 'yar tsana, a kuma yi makonni, domin ranar farko kowa murna yake da sabon abu.

Akwai layin da nake ganin bai halatta a tsallake ba. Inji ya ce "sannu, wannan abu da nauyi" ba laifi. Ya ce "ina jin zafin da kike ji" ko "kada ki tafi ki bar ni" ƙarya ce, kuma yaro da tsoho mai mantuwa su ne za su fi gaskata ta. Shaƙuwar da ke biyo baya ta gaske ce. Da kamfanin Sony ya daina gyaran tsohon karensa na inji, AIBO, a 2014, sai da aka riƙa yi wa waɗanda suka lalace bikin bankwana a wani wurin bauta a lardin Chiba na Japan. Jibo, mutum-mutumin gida da aka sayar dala 899, ya rasa yawancin abin da yake iyawa a 2019 lokacin da aka rufe kwamfutocin da yake dogaro da su. A ƙarshen 2024 kamfanin da ya yi Moxie, wanda aka tallata a matsayin abokin yara, ya durƙushe, iyaye suka shiga neman yadda za su yi wa 'ya'yansu bayani. Saboda haka kafin a miƙa wa kowa irin wannan na'ura, a cire mata intanet a zauna da ita awa guda. Ta waiwayo in an kira ta, ta ƙifta ido, ta amsa shafa, ta tuna sunan mai ita. Duk abin da ya mutu cikin waɗannan huɗu, a mayar da shi cikin na'urar kafin ta bar teburin aiki.